Kilomita huɗu da rabi: tarihin Christian Okoye da abin da na faɗa wa baban wani ɗalibina

A ƙarshen watan Disamba na 2023 garinmu Agadez ya karɓi baƙuncin gasar kokowar gargajiya ta ƙasa. 'Yan kokowa 80 suka zo daga jihohi 8, kowace jiha da zaratanta 10, aka yi kwanaki ana fafatawa, daga ƙarshe Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi karo na shida. Da muka koma makaranta a watan Janairu, farfajiyarmu ta zama fage. Kowane yaro ya ɗaure ƙugu da igiyar wando, yana kiran kansa da sunan wani gwani.

A ajina akwai wani yaro ɗan shekara 16, wanda ya fi kowa girma da ƙarfi, kuma babu wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa a farfajiyar nan. Sai na daina ganinsa. Sati biyu kujerarsa ba kowa. Ran nan da safe sai ga babansa a bakin ƙofar aji, ya cire takalmi kamar zai shiga masallaci. Bayan mun gaisa ya ce da ni: "Mushe, ɗanka ya ce ya gama da boko. Ya ce ƙarfinsa zai ci da shi. Ni ban yi karatun nan naku ba, ban san abin da zan ce masa ba. Kuma gaskiya ina ganin masu takardu suna kabu-kabu a gari."

Na ce masa: "Baba, ka kawo mini shi gida bayan la'asar, ku zo tare." Abin da na ba su labari a kan tabarma a wannan yammaci shi ne nake so in rubuta a nan, domin na san iyaye da malamai da yawa suna da irin wannan yaro a hannu.

Labarin wani ɗan Najeriya ne mai suna Christian Okoye. Na fara jin sunansa shekaru da suka wuce a bakin wani maƙwabcina, Ibo mai sayar da kayan mota, wanda ya liƙa hotonsa a shagonsa: wani ƙato sanye da jar riga mai lamba 35 da hular kwano. Daga baya na bi diddigin tarihinsa, kuma tun lokacin ban daina ba ɗalibai shi ba.

Sai na fara bayyana wasan, tunda a nan ba mu san shi ba. Amurkawa suna da wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, amma ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, kuma da hannu ake ɗaukar ta. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Tsawon fili daga layin wannan gida zuwa na wancan yadi 100 ne, yadin nan dai da muka sani a wurin masu atamfa, wanda bai kai mita ɗaya ba da kaɗan. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta yi, a sake ba ta huɗu. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan gaba. Wanda ya kai ƙwallo cikin gidan abokan gaba ya ci maki 6. A cikin 'yan wasan akwai wanda aikinsa shi ne a danƙa masa ƙwallo a ciki, ya rungume ta, ya kutsa tsakiyar mutanen da ke jiran su kayar da shi. Ni dai ina kiransa ɗan ruga. Ba a daina wasa sai an kai shi ƙasa, wani lokaci mutum uku ko huɗu a kansa. Ya tashi, ya kaɗe jiki, a sake ba shi. Wannan shi ne aikin Okoye.

An haife shi a Inugu ranar 16 ga Agusta 1961. Yana gab da cika shekara 6 yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a 1967, kuma a yankinsu aka yi shi har zuwa 1970. Da ya taso, tamaula ya fara bugawa kamar kowane yaro, amma jikinsa ya yi wa wasan girma. A makarantar sakandare ya koma wasannin jifa: jifar dalma, da jifar faifai, da jifar guduma. A nan ya yi fice har ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa nisan jifa a ƙasar.

Abokinsa Innocent Egbunike, gwanin tseren mita 400, ya riga shi tafiya karatu wata ƙaramar jami'a mai suna Azusa Pacific, kusa da birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya. Shi ya yi masa hanya wurin mai horar da 'yan wasan jami'ar, Terry Franson. A 1982 Okoye ya tafi. A nan na tsaya na dubi yaron nawa na ce masa ya lura da kyau: a matsayin ɗalibi ya tafi. Jami'a ta ɗauke shi saboda jifarsa, amma ba ta ɗaukar wanda bai gama sakandare ba, kuma ba ta barin ɗan wasa ya shiga fili in ba ya zuwa aji. Ƙarfi ne ya sa aka neme shi, takarda ce ta sa ya iya amsa kiran.

Burinsa duka shi ne gasar Olamfik ta 1984, wadda za a yi a Los Angeles, kusan a ƙofar makarantarsu. Ya yi shekaru yana shiri. Da aka fito da jerin 'yan wasan Najeriya, babu sunansa. Abokinsa Egbunike ya je, har ya samu lambar tagulla a tseren ba-ni-in-ba-ka na mutum huɗu. Okoye kuwa ya zama ɗan kallo. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kokowa da aka cire daga jerin goma na jiha bayan ya shekara yana atisaye, ya san irin wannan zafi.

Da a gida yake ba makaranta, wataƙila labarin nan ya ƙare ke nan. Amma yana cikin jami'a, kuma jami'ar tana da ƙungiyar zari-rugar Amurka. Sai ya je ya nemi a gwada shi, yana ɗan shekara 23, bai taɓa buga wasan ba a rayuwarsa, alhali abokan karawarsa tun suna firamare suke yi. Sai da aka koya masa yadda ake riƙe ƙwallo, da ma'anar kowane kira, da inda zai bi. Abin da ba a koya masa ba shi ne abin da Allah Ya ba shi: tsayi mita 1.85, nauyi wajen kilo 115, ga gudu, domin yana cin yadi 40 cikin sakan 4 da rabi. Mai irin nauyin nan ba kasafai yake da irin gudun nan ba.

Bayan kaka uku yana buga wa jami'a, manyan ƙungiyoyi suka san da shi. Babbar gasar ƙwararru ta Amurka, wadda ake kira NFL, tana da ƙungiyoyi 28 a lokacin, kuma kowace shekara sukan zauna su zaɓi ɗaliban jami'o'i bi da bi. A zaɓen 1987 ƙungiyar Kansas City Chiefs ta ɗauki Okoye a zagaye na biyu, shi ne mutum na 35 da aka kira a duk ƙasar. Shekara uku ke nan kacal da ya fara taɓa ƙwallon.

A shekararsa ta farko ya ci yadi 660. A 1988 rauni ya hana shi wasanni da yawa, ya tsaya a 473. Sai 1989 ta zo da sabon mai horarwa, Marty Schottenheimer, mutumin da ya yarda da wasan ƙarfi, wato a ba ƙato ƙwallo ya yi ta kutsawa har abokan gaba su gaji. A wannan kaka an danƙa wa Okoye ƙwallo sau 370, ya ci yadi 1,480, ya shiga gida sau 12. Babu ɗan rugan da ya kai shi a duk gasar. Wanda ya biyo shi, Barry Sanders na Detroit, ya tsaya a 1,470, tazarar yadi 10 kawai. Aka yi masa kirari da Turanci mai ma'anar mugun mafarkin da ya fito daga Najeriya. Da mu ne, da dodo za mu ce. Aka zaɓe shi cikin gwanayen shekara, aka sake zaɓensa a 1991 da ya ci yadi 1,031.

Har zuwa nan idon yaron nawa yana ƙyalli. Sai na ci gaba.

A watan Satumba na 1990, a wani wasan dare da aka nuna wa duk Amurka a talabijin, wani mai tsaron baya na ƙungiyar Denver mai suna Steve Atwater, wanda bai kai shi nauyi ba, ya tare shi gaba da gaba ya mayar da shi baya ya zube. Har yau ana maimaita hoton. Kowane gwani da ranarsa, kuma mu masu kallon kokowa mun san yadda fage yake yin tsit ran da aka kayar da wanda ba a taɓa kayarwa ba. Amma ba karo ɗaya ba ne ya gama da Okoye. Tarin karo ne. A 1990 ya ci yadi 805. Bayan farfaɗowar 1991, sai gwiwa ta fara ba shi wahala, a 1992 ya tsaya a 448. Wannan ce kakarsa ta ƙarshe. Aka yi masa aiki a gwiwa, bai sake buga wasan gasa ba. Shekararsa 31 a wasansa na ƙarshe.

Ga jimillar aikinsa: kaka 6, an ba shi ƙwallo sau 1,246, ya ci yadi 4,897, ya shiga gida sau 40. A ranar da ya bari, babu wanda ya kai shi yawan yadi a tarihin ƙungiyarsa. Na ba yaron alli da allo na ce ya mayar mini da yadin nan mita. Muka yi tare, ya fito kusan mita 4,480. Wato duk sunan nan, duk kirarin nan, kilomita huɗu da rabi ne bai cika ba. Baban yaron, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana bin ayarin gishiri zuwa Bilma, ya yi dariya ya ce wannan ai ko raƙumi bai gama miƙe ƙafa ba. Na ce haka ne, Baba, amma a kowane yadi huɗu sai an maka shi da ƙasa. Sau dubu da ɗari biyu da wani abu. Jikin ɗan Adam yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ɗan ruga yana cinye rabonsa da wuri fiye da yawancin abokan wasansa.

Akwai wani reshe na tarihin nan da ya fi taɓa ni, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin ya dace malamai su san shi. Ɗan ruga ba ya kutsawa shi kaɗai. A gabansa akwai ƙarti biyar da aikinsu shi ne su ture abokan gaba su buɗe masa hanya. Na tsakiyarsu shi ke miƙa ƙwallo a fara wasa, kuma da ya miƙa sai ya yi karo da wanda ke gabansa, kai da kai, a kowane zagaye. A 1989, shekarar da Okoye ya fi kowa, na tsakiyan nan shi ne Mike Webster. Ya riga ya yi shekara 15 a ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya ci kofin gasar sau 4, kafin ya zo Kansas City ya yi kaka biyu na ƙarshe, 1989 da 1990.

Bayan Webster ya bar wasa, rayuwarsa ta rikice. Mantuwa ta kama shi, da baƙin ciki, da ruɗewar tunani. Dukiya ta tafi, har ya kai yana kwana a cikin motarsa. Ya mutu a watan Satumba na 2002 yana da shekara 50. Likitan da aka ba aikin binciken gawarsa a Pittsburgh shi ma ɗan Najeriya ne, kuma daga yankin su Okoye: Dokta Bennet Omalu, wanda aka haifa a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya. Da ido ƙwaƙwalwar Webster lafiya lau take. Omalu bai gamsu ba, ya sa aka yanka ta siriri-siriri ya duba da madubin likita. Sai ya ga wani sinadari ya taru ya daskare a cikinta, irin lalacewar da aka saba gani a tsofaffin 'yan dambe. Ya wallafa sakamakon a 2005, ya ce yawan karon kai ne ya jawo, ko da ba a suma ba. Likitocin da ke aiki da hukumar gasar suka nemi a janye rubutun. Ba a janye ba. Yau duniya ta san cutar da sunan CTE. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da suka mutu, suka sami cutar a 110. Gaskiya ne iyalan da suka ga alamun ciwo su ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar 'yan uwansu, don haka ba a ce kowane ɗan wasa haka yake ba. Duk da haka adadin ya girgiza iyaye a Amurka, kuma an sauya dokokin wasan don rage karon kai.

Ku duba ikon Allah. 'Yan yanki ɗaya su biyu, dukansu yaran lokacin yaƙi, dukansu makaranta ce ta kai su Amurka. Ɗaya ya bi hanyar da Webster ya buɗe masa da kansa, ɗaya kuma ya buɗe kan Webster ya nuna wa duniya kuɗin da aka biya. Aikin na farko ya ƙare cikin shekara 6. Aikin na biyu har yau ana cin moriyarsa.

Shi Okoye bai lalace ba. Tun yana wasa, a 1990, ya kafa gidauniya mai sunansa don taimakon yara marasa galihu ta hanyar wasanni da karatu. Ya zauna a Kalifoniya yana harkokinsa, kuma a 2000 ƙungiyarsa ta sa sunansa cikin jerin gwanayenta na tarihi. Yau ya haura shekara 60. Wato shekarun da ya yi bayan barin fili sun ninka na wasansa fiye da sau biyar. Wannan lissafin ne yaranmu ba sa yi. Suna ganin ranar ɗaukar takobi, ba sa ganin sauran ranakun.

To, mu dawo gida. Ban ce kokowa da wasan Amurkawa ɗaya ba ne. A kokowarmu ba a karo da kai, kuma ɗan kokowa yakan daɗe a fage fiye da ɗan ruga. Kokowa gadonmu ce, tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa take haɗa kan 'yan Nijar fiye da kowane wasa, kuma ni kaina ba na barin rediyo in ana yin ta. Amma gwiwa gwiwa ce, ƙugu ƙugu ne, kafaɗa kafaɗa ce. Kuma cikin 80 da ke shiga fage kowace shekara, mutum ɗaya ne ke fita da takobi. Kafin a kai ga 80 ɗin, ɗaruruwa sun faɗi a zaɓen ƙauyuka da gundumomi. Yaron da ya bar aji saboda takobi ya sa duk jarinsa a caca ɗaya.

Kuma a Agadez mun san inda yaron da ya bar aji yake ƙarewa in fage bai karɓe shi ba. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari masu ƙarfi su ne na farko da ake kwasa zuwa ramuka. Wasu kuma hanyar Libiya. Ko'ina ƙarfin nan dai ake saye, kuma ko'ina da ya ƙare ake sallamar mai shi.

Game da maganar baban yaron kuwa, cewa masu takardu suna kabu-kabu, ban musa masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Takarda ba ta yi wa kowa alkawarin albashi ba. Abin da na ce masa shi ne: ran da aka rufe wa Okoye ƙofar Olamfik, yana tsaye ne a wurin da akwai wata ƙofa. Makaranta ba ta hana faɗuwa, amma takan bar wa mutum inda zai dafa ya tashi. Ɗan wasan da ya iya karatu yana karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu, yana lissafa kyautarsa da kansa, kuma in ƙarfi ya tafi zai iya zama mai horarwa, ko alƙalin wasa, ko malamin motsa jiki, ko ya riƙe littafin shagonsa.

Mu malamai ma muna da laifinmu. Ƙaton yaro a aji mukan tura shi kujerar baya, mu sa shi ɗaukar benci da tsare ƙofa, in ya yi kuskure a allo mu ce girman banza. Yaron da ba a taɓa yaba masa a aji ba, amma farfajiya tana yi masa tafi, ina kuke zaton zai zaɓa? Okoye ya sami malaman da suka ga jikinsa suka ce ga wasan da ya dace da kai, suka kuma riƙe shi a makaranta. Lokacin motsa jiki da ke cikin jadawalinmu ba lokacin hutun malami ba ne. A nan ne wani yaro zai ji cewa makaranta ta san da abin da ya iya. Iyaye kuma, hana yaro wasa da bulala ba ya mayar da shi aji, ɓoyewa kawai yake koya masa. Gara a yi ciniki da shi a fili.

Cinikin da muka yi a tabarmar nan ke nan. Na ce wa yaron: "Ɗana, safiya tawa ce, yamma taka ce. Ka zo aji kullum, ni kuma ranar da za ka yi kokowa a unguwa zan zo in zauna a gaba." Babansa ya ce in ya yi fashi kwana ɗaya ba dalili, atisayen sati ya tafi. Yaron ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ya yarda.

Ya dawo ranar Litinin. Ba zan ce ya zama na ɗaya ba, Faransanci har yanzu yana kayar da shi fiye da yadda kowa ya taɓa yi a fage. Amma ran da na rubuta a allo cewa wani mutum ya ɗauki ƙwallo sau 370 ya ci yadi 1,480, nawa yake ci a kowace ɗauka, hannunsa ne ya fara tashi daga kujerar baya. Ya ce huɗu, Mushe. Na ce ya taso ya nuna wa aji yadda ya yi, kuma daga ranar na dawo da shi layi na biyu.

Na cika nawa alkawarin, na je kallonsa sau biyu. Ya yi kaye a na farko, an kayar da shi a na biyu, kuma washegari da safe yana aji da ɗingishi. Allah Ya raya mana su, Ya ba mu haƙurin riƙe su har su gane da kansu.